Allolin Girka ko iskokin gida a wasanmu?

Ɗan Kanwuri: Assalamu alaikum. Ni da abokaina a Sakkwato muna ƙirƙirar duniyar almara don wasan tebur, inda kowa ke zama jarumi ana jefa ɗan lido. Shin in aro allolin Girka, ko in ƙago nawa?

Bagobiri: Wa alaikumus salam. Ƙanena, me ya kai ka Girka alhali ga iskokin Jangare, birnin da masu bori ke cewa can iskoki ke zaune, irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, kowanne da halinsa da danginsa? A tsohuwar Gobir ma, mace mai sarautar Inna ce ke shugabantar bori.

Goggo: Ɗana, a garin Shehu kake, don haka ka ce iskoki, kada ka ce alloli, kuma ka sauya sunayensu domin kada iyayen abokanka su zaci kiransu kuke yi.