Taswirar da mutanen gari suka zana da kansu: kariya ce ko kiran kura?

Ɗan Madarumfa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wajen suna saura kaɗan mu ɓata da aminina kan maganar nan. Ni na ce duk garin da dattawansa suka zauna suka zana taswirar ƙasarsu da kansu, gonaki da burtali da mashaya da makabarta, toh ya gama da masu ƙwacen fili. Shi kuma ya ce nuna wa kura hanyar garke ne kawai. Ku raba mu.

Jikan Arɗo: Wa alaikumus salam. Amininka ya fi ka gaskiya ɗan uwa, kar ka ji haushi. An yi a wajenmu, wata ƙungiya ce ta zo da rani, aka share ƙasa gindin tsamiya, aka sa duwatsu a matsayin rijiyoyi, toka ta zama burtali, kashin awaki kuma gidaje, daga baya samari suka zaga da na'urar auna wuri ta GPS aka juye a takarda, abin gwanin sha'awa wallahi. Amma da rani ina Fulani suke? Mun yi kudu da shanu. Da muka dawo farkon damina mashekarinmu na shekara da shekaru babu shi a takarda, an rubuta wajen daji ne ba mai shi.

Ɗan Madarumfa: Ai wannan laifin masu shirya taron ne baffa, ba na taswira ba. Mu a Nijar tun 1993 akwai dokar karkara, Code Rural, ita ta kawo kwamitocin ƙasa da muke ce ma kofo tun daga ƙauye har zuwa sama, kuma dole makiyayi ya zauna a ciki tare da manomi da mai gari. A 2010 aka ƙaro dokar kiwo. Je ka jihar Maradi ka ga burtalin da aka kafa wa turakun siminti, mai garma na isowa wajen yake juyawa.

Jikan Arɗo: Tun 1961 ma kuna da dokar da ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ba noma sai kiwo. Yau ina gero ya kai?

Safiyo Mai Ritaya: Ku bari in sa baki, aikina ne shekaru. A Najeriya dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filin jiha gaba ɗaya a hannun gwamna, amana ce wai. Ko garinku ya zana taswirar da ta fi ta ofishinmu kyau, ranar da mutum ya fito da takardar mallaka mai sa hannu sai dai ku riƙe taku kuna fifita da ita. Dubi makiyayun da aka ware ƙarƙashin dokar 1965 ta Jihar Arewa, ana lissafa 415, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka sa a gazet, wato jaridar gwamnati mai tabbatar da doka, kuma duk an san inda suke, hakan bai hana a nome su ba.

Ɗalibin Zariya: Yallaɓai da girmanka, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Mutanen Inuit na Kanada a shekarun 1970 maharbansu ɗaya bayan ɗaya suka nuna inda suke farauta da kamun kifi, aka tara taswirorin, da su aka ja da gwamnati har aka kafa yankin Nunavut a 1999. A Nikaragua ma al'ummar Awas Tingni taswirarsu suka kai kotun kare haƙƙin ɗan adam ta nahiyar Amurka lokacin da gwamnati ta ba kamfanin katako dajinsu, suka ci shari'a a 2001, takardar mallaka ta fito a 2008. Da baki kawai suka je wa zai saurare su?

Safiyo Mai Ritaya: Yaro ka yi karatu, toh ƙaro da Ogiek na dajin Mau a Kenya. Su ma sun yi taswira, har ta tudu da kwari suka gina a 2006. Kotun Afirka da ke Arusha ta ba su gaskiya a 2017, a 2022 ta ce a shata musu ƙasarsu a ba su takarda. Nuwamban 2023 jami'an daji suka zo suna rushe musu gidaje.

Maman Hanifa: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Kuna ta gwamna da kotu, a zaman zana taswirar mace nawa ake kira? Kakata ta san kowace ɗorawa da kaɗanya a dajin garinmu, ta san wadda ake kaɗa da wadda aka bar wa gidan wane, da inda ake yankar kaba da ramin da ake ɗibar yumɓu. Maza gona kawai suke gani. In ba a tambaye ta ba wajen zai fito fari fat a takarda, kuma farin wuri shi mai kuɗi yake nema.

Ɗan Madarumfa: Hajiya wannan kam kin kama ni, ban da ta cewa.

Jikan Arɗo: Ga wani abu ma. Gona ɗaya da damina ta manomi ce, bayan girbi shanunmu su shiga su ci kara su bar masa taki, har dami ake ba mu a da. Fadama ma haka, wata uku ta masu lambu, sauran ta kowa. Alƙalami layi ɗaya ya sani, ciki ko waje, yaya zai rubuta wuri mai masu shi uku? Sannan gonakin aro da na jingina da aka yi shiru a kansu tun kakanni, ranar da aka ce a rubuta sunan mai ita ranar za a tono faɗa.

Ɗalibin Zariya: Ana iya yi baffa, taswirar damina daban ta rani daban, a ɗora su kan juna.

Safiyo Mai Ritaya: Ana iya yi, amma wacce za a kai ofis a buga mata hatimi? Kuma kwafin a hannun wa zai kwana, mai gari ko masu kwamfutar da suka zo da mota?

Ɗan Madarumfa: Tamu dai tana ɗakin magajin gari a naɗe, ko da yake rabona da ganinta tun bara waccan. Bari in kira ƙanena ya leƙa ya gani ko gara ta bar mana wani abu.