Kuɗin kayan shara a Damagaram: kowa ya faɗi abin da ya gani a unguwarsu

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kullum in aka zo maganar tsabtar gari sai ka ji ana cewa meri, wato ofishin magajin gari, ta sayo kamiyo, babbar motar kwasar shara, ta sayo sharjer mai loda mata sharar, kamar shi ke nan magana ta ƙare. To ni dai a Birni aka haife ni, bayan fadar Sarki, kuma lungunmu ko amalanken jaki sai ya yi dabara yake shiga balle babbar mota. Sharar gidanmu yara ke ɗauka a bokiti su kai juji, rabi ya zube a hanya. Shi ya sa nake son kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a unguwarsu, wane kaya ne ya yi muku aiki, wane ne bai yi ba.

Mai shago a Dole:
Wa alaikumus salam. Malam mu kam a kasuwa babbar mota ita ce maganinmu, don sharar Dole ta yini ɗaya, musamman ranar Alhamis, buruwet, wato baron turawa da hannu, ba zai iya da ita ba, ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon kankana da kwali da leda. Lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018, da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a nan, na ga yadda aka kwashe jujin da ke kusa da layinmu cikin kwana biyu, sharjer na ɗiba kamiyo na tafiya, wallahi har iskar wurin ta sake. Amma abin da na lura shi ne mota ba a sayenta a huta, tana shan gazuwal kullum, taya na ƙarewa. Sau ɗaya mun yi kusan sati uku ba a zo ba, da muka tambayi direban ya ce wani ƙaramin ƙarfe ne ya lalace ana jiran a kawo shi daga Kano. Ƙarfe ɗaya fa, ƙudaje suka hana mu ciniki.

Bakanike a Zango:
Alhaji wannan ita ce maganar. Shekara 20 ina gyaran manyan motoci, motar shara ta fi kowace wahala, ruwan shara na cin gindin bodi, ƙasa na shiga ko'ina, haidirolik ɗin da ke ɗaga bodi shi ne ke fara yoyo. In za a saya a sayi irin wadda kayan gyaranta ke kasuwarmu, kuma ranar da aka rubuta kuɗin sayenta a rubuta na mai da na gyara na shekara a gefe. Matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu tun 2011, gazuwal ba daga nesa yake zuwa ba, kuɗin sayensa ne ya kamata a tanada.

Uwar gida, Garin Malam:
Ku maza kuna ta maganar mota. Mu da muke fita da asuba muna share bakin titi da ƙungiyarmu ta mata, tsintsiya muke so mai dogon hannu, da manjagara, da felu, da safar hannu, da abin rufe hanci don ƙurar hunturu. Ni da kaina kwalba ta taɓa yanka ni a tafin hannu ina kwasar shara, sai da aka yi min ɗinki da allura. Da kuɗin taya ɗaya na kamiyo mata nawa za a saya wa takalmin roba? Ba na cewa kar a sayi mota, yayana, amma a fara da hannun da ke tara sharar.

Ɗan Birni:
Sannu Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ban taɓa tunaninsa ba.

Matashi daga Karkada:
Mu a fadarmu ta matasa mun haɗa kuɗi muka sayi buruwet 2, muna bi gida gida, kowane gida na ba mu dala 20 in mun kwashe. Aikin ya tafi daidai wata huɗu, matsalar da ta kashe shi ita ce inda za mu zuba. Jujin unguwa ya cika ya fara cin hanya, maƙwabta suka ce mu ne muke ƙara musu wari, kuma gaskiyarsu ne. Da akwai mota mai zuwa ko sau biyu a sati ta kwashe daga nan zuwa bayan gari da har yanzu muna yi. Garin nan arondisma 5 ne, in kowace na da 'yan kekuna masu ƙafa uku na shiga lungu da kamiyo ɗaya lafiyayye mai jiransu a bakin gudoro, ai mu matasa a shirye muke.

Manomi, hanyar Mirriya:
Da can mu muke roƙon a juye mana shara a gona don taki ce. Yanzu in aka juye rabi baƙar leda ce, gero ba ya fita a kanta, akuyata ɗaya ta mutu da aka fede ta cikinta cike da leda. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan ledar a Nijar amma ga ta nan a kowane teburin mai shayi.

Malamar lakkwal, Sabon Gari:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai kanibo ne, wato magudanar ruwa. Damanar 2024 da tsohon masallacin Birni ya faɗi kowa ya ga ƙarfin ruwan, mu a layinmu kanibo ya toshe da rairayi da leda, ruwa ya juyo ya shiga ɗakuna, bayan nan sauro da zazzaɓi, aji na ya yi sati rabin yara ba sa zuwa. Yasar kanibo ba a yinta a watan Agusta, a watan Mayu ake yi kafin ruwan farko, kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, don na sha ganin an tara shi a baki iska da ruwa su mayar da shi ciki. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun gundumomi wakilan da aka naɗa ne ke riƙe da garuruwa, to su za mu kai wa magana. Ɗan Birni ka tattara wannan duka a takarda, mai unguwarmu ya ce zai raka mu, ni zan iya ranar Laraba da yamma tunda ba aji.