Takardun yarona sun taru, wanne zan kai wa makaranta ranar mitin?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 8, yana da matsalar ji, kunnen hagu ya fi tsanani, na dama yana ɗan ji. Makaranta sun ce sai ya maimaita aji wai ba ya mai da hankali, sun kira ni mitin da hedimasta sati mai zuwa. Takardu kam ina da su cike da leda, gwajin ji guda biyu, wasiƙar likita, rifot ɗin kowane zango, har da wata takarda da malamarsa ta aji ɗaya ta rubuta wai ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Gwajin farko ya nuna matsalar kaɗan ce, na biyun ya nuna ta fi haka. In kai duka ne ko na ƙarshen kawai? Kuma takardar malamar nan in saka ko in cire?

Baban Yara: Hajiya ki canja masa makaranta kawai ki huta.

Tsohuwar Malama: Ƙanwata ki fitar da su daga ledar nan tukuna. Ki samu fayil ki jera bisa kwanan wata, na asibiti gefe guda, na makaranta gefe guda, a sama ki ɗora shafi ɗaya da kika rubuta abin da kike nema, kamar a zaunar da shi gaba kunnen dama na fuskantar malami, kuma malami ya daina bayani yana kallon allo tunda yaron yana taimaka wa kansa da kallon baki. Gwajin biyu duk ki kai. Ji yana iya canjawa, musamman in ruwa na taruwa bayan dodon kunne, bambancin ma hujja ce a gare ki. A takardar gwajin alamar O ta kunnen dama ce, X ta hagu, ki nuna masu da yatsa don da yawa ba su taɓa ganin irinta ba.

Anti Babba: Hmm. Ni abin da zan ce kada ki kuskura ki ba su na ainihi, fotokofi kawai, su sa hannu da kwanan wata a kan naki kofin cewa sun karɓa. 'Yata haka aka yi min wallahi, suka karɓi komai wai za su buɗe mata fayil, aka canja hedimasta, sabon ya ce shi bai ga komai ba, na koma asibiti neman wani kofin aka yi ta min je ki dawo, kafin in haɗa su zango ya ƙare yarinya na zaune can baya ba ta jin komai tana dawowa gida da kuka. Da na kai sabbin kuma sai suka juya su a kaina, wai ga shi likita da kansa ya ce tana da lalura, su ba su da kayan aikin irin waɗannan yaran, in nemi wani wuri. Duk alkawuran da tsohon ya yi da baki ne, ba ni da ko layi ɗaya a rubuce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƙanwar Kowa: Allah sarki Anti, Allah ya saka miki. Yanzu tana ina?

Anti Babba: Tana wata makarantar, amma shekara guda ta tafi a banza.

Kawu: Ki sake sabon gwaji ma kafin mitin ɗin, ai kyauta ake yi.

Anti Babba: Kyauta a ina Kawu? Ni sai da na ci bashi.

Baban Yara: Mu ba mu biya da yawa ba gaskiya, na'urar jin ce da batirinta suke cin kuɗi.

Ɗan Auta: Wasiƙar likitan dai a nemi mai fassara tukuna, rubutunsu ko su da kansu sai sun yi addu'a suke karantawa 😂

Abban Ɗalibai: Ki sa masu har da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, sashe na 24 ya yi maganar ilimi tare da sauran yara da kuma yi wa yaro sauƙin da ya dace da shi.

Tsohuwar Malama: Gaskiya ne, amma in ta shiga da doka a mitin na farko za su ɗauka faɗa ta zo. Na daɗe a aji, na san halinmu.

Anti Babba: Malama da girmanki, ku malamai kullum lallaɓawa kuke cewa a yi. Wanda ya kwana da yaron shi ya san zafin. Ni lallaɓawar ce ta kai ni inda na faɗa.

Tsohuwar Malama: Ai ban ce kada ta rubuta ba Anti, bayan mitin ta tura masu saƙo da abin da aka amince, ta ajiye kofi.

Maman Biyu: Na gode duka. Takardar malamar fa, ba wanda ya ce komai.

Ƙanwar Kowa: Ni abin da ke ƙona min rai shifta ce. Ɗan yayata ba ya ji sosai, malami na karantawa yana yawo a bayan aji, a ba yaro sifili a haɗa cikin makin zango, sannan a rubuta ba ya ƙoƙari.

Baban Yara: Namu ma haka, har da jan biro. Kuma in ka yi magana a ce ai kowa haka aka yi masa.

Anti Babba: Ki ajiye littafin shiftar nan, kada ki bari su karɓe shi ƙarshen zango.