Su Baba za su zo Landan, wa ya taɓa kai dattawa bakin kogin Thames wajen Tower Bridge?

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi da kansu. In Allah ya kai mu watan Yuli Baba da Hajiyarmu za su zo bikin kammala karatuna, kuma tun kafin biza ta fito Baba ya ce shi abu ɗaya yake so ya gani da idonsa, gadar nan da take ɗagewa jirgin ruwa ya wuce, wadda yake gani a kalanda tun yana saurayi. Ni a arewacin Ingila nake karatu, sau biyu kacal na taɓa shiga Landan. Na duba taswira naga gefen gadar da Hasumiyar Landan, wato tsohon gidan sarauta mai ganuwa da ke kusa da ita, duk tsofaffin mashaya ne da otal otal, duk shafin da ka buɗe sai ya ce ka je mashaya kaza wai ta shekara ɗari biyar. To damuwata biyu ce, ina zan sauke su tunda Hajiya gwiwa na damunta, sannan ina za mu ci abinci ba tare da na kai mahaifina inda ransa zai ɓaci ba. Kwana uku za mu yi.

Direban Bas:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri a karatun. Shekara shida ina tuƙa bas ta gaban wajen nan. Abu na farko, gadar da Baba yake nufi sunanta Tower Bridge, kar ki ce wa mai tasi London Bridge, waccan gada ce kawai ta kankare ba abin kallo a jikinta, kullum sai na ga baƙi sun sauka a can suna ta waige waige. Tower Bridge an buɗe ta 1894 kuma har yau tana ɗagewa, amma ba kullum a lokaci ɗaya ba, suna saka jadawalin ranaku da awoyi a shafinsu na intanet, ki duba tukuna sannan ki tsara ranar. In ta jirgin ƙasa za ku zo ku sauka Tower Hill. Ni da na kai kawuna mun tsaya a gefen Hasumiyar ne muka jira, da titin ya rabu biyu ya miƙe sama sai da ya yi kabbara a fili.

Uwar Biyu:
Ni kam maganar masauki zan yi miki don na sha wahalarta. Bara da surukata ta zo na kama mana wani tsohon masauki da ke saman mashaya, ba zan faɗi sunansa ba, hotunan sun yi kyau ga katako ga taga tana kallon ruwa ga kuɗin da sauƙi, ban tambayi komai ba na biya. Muna zuwa babu lif, hawa na uku, matakalar ƙunci kamar ta rumbu kuma a murɗe, akwati ma sai a kai aka hau da shi. Baiwar Allah sau ɗaya take sauka a yini saboda tsoron hawan. Ga hayaniyar masu sha a ƙasa har sha ɗaya na dare, ga famfon wanke hannu guda biyu daban, ɗaya zafi kamar ya sale fata ɗaya sanyi ƙalau, alwala ma sai na haɗa mata ruwa a roba. Kuma ki sani Yuli ana zafi yanzu, tsofaffin gine ginen nan yawancinsu ba na'urar sanyaya ɗaki. Kafin ki biya ki buga musu waya ki tambaya da bakinki, akwai lif? wanka a tsaye ake yi ko sai an tsallaka baho? akwai mashaya a ƙasa? Sannan ki sako buta a kaya, ba za ki samu a banɗakinsu ba.

Direban Bas:
Gaskiyar Uwar Biyu ce. Akwai The Tower Hotel da yake manne da gadar, ginin kankare ne na 1973, ba shi da kyan gani daga waje amma akwai lif kuma wasu ɗakunan gadar ce a tagarsu. In kuma aljihu da nauyi akwai Four Seasons na Ten Trinity Square, da can hedikwatar hukumar tashar jiragen ruwan Landan ce tun 1922, a ciki aka yi liyafar taron farko na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946. Ni dai daga waje nake ganinsa.

Malamin Islamiyya:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika yi tunanin mutuncin mahaifinki tun kafin ya zo. Ni ra'ayina a fili yake, kar ki shigar da su mashaya ko da ta shekara dubu ce. Hadisi ya zo da hanin zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma tsufan gini ba ya canza abin da ake yi a cikinsa. Kuma babu ma larura, daga Hasumiyar zuwa Whitechapel tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, a mota kuwa nan da nan. Can ga babban masallacin East London Mosque, ana kiran salla a fili, akwai sashen mata, ga gidajen abincin halal na 'yan Bangaladesh da Fakistan da Somaliya jere a titi. Na kai baƙi da yawa, da safe kallo, azahar a masallaci, a ci shinkafa da nama a koma. In suna son tsohon gini mai tarihi ki kai su masallacin Brick Lane, an gina shi 1743 a matsayin cocin Faransawa 'yan gudun hijira, ya zama wurin ibadar Yahudawa, a 1976 ya zama masallaci. Ki kuma gaya musu tun a gida cewa a Yuli magariba sai wajen tara na dare, asuba kuma tun wajen uku, kar abin ya zo musu bazata.

Ɗan Jos:
Malam na girmama maganarka, ni Kirista ne kuma ina shiga, to bari in faɗa wa 'yar uwa yadda cikin yake don ta yanke hukunci da sani. Da rana yawancinsu kamar gidan abinci suke, za ki ga tsofaffi da iyali har da yara, an hana shan taba a ciki tun 2007. Amma giya tana nan a kanta kuma warinta ya kama katakon, wanda bai saba ba yana shiga zai ji. Ba mai zuwa teburinki ya tambaye ki, ke za ki je kanta ki faɗi abin da kike so ki biya, ruwan famfo kuma kyauta ne in kin roƙa. Da yamma daga ƙarfe biyar labari ya canza, ma'aikatan ofis suke cika wajen har kan titi.
Wadda zan ce ku gani ita ce George Inn a Borough High Street, tsallaken kogi kusa da tashar London Bridge. Ba sai kun shiga ɗaki ba, tsakar gida ce a buɗe. An sake gina ta 1677 bayan gobarar da ta cinye unguwar Southwark, kuma ita kaɗai ta rage a Landan cikin masaukan matafiya masu baranda hawa hawa. Na kai abokin aikina Bakano muka tsaya a tsakar gidan ina masa bayani cewa nan kekunan doki suke shigowa, a sauke kaya, a ba dawaki abinci, matafiya su kwana a sama, sai ya ce min ai wannan zango ne. Wallahi tun daga ranar na daina yi wa mutanenmu dogon bayani, zangon fataken Turawa ne kawai.

Bazazzagi:
Ni mahaifina na kai shekara biyu da suka wuce, malamin makaranta ne mai ritaya kuma ba ya wasa da addini, amma mutum ne mai son ya san asalin abu. Abin da muka yi, ba mu zauna a ko ɗaya cikin mashayun ba, kuma ba mu bar ko ɗaya ba mu gani ba.
Mun fara da Hasumiyar da safe, farin ginin tsakiya tun wajen 1078 aka fara shi zamanin William wanda ya ci Ingila da yaƙi. Hajiya kar ta hau shi, matakala ce ba iyaka, amma ɗakin kayan sarauta a ƙasa yake, har da wani bel da kike tsayawa a kai ya wuce da ke ta gaban kambunan. Duwatsun da aka shimfiɗa a filin ba su daidaita ba, ta sa takalmi mai taushi. Daga nan muka bi ta ƙarƙashin gadar muka shiga St Katharine Docks, tsohuwar tashar jiragen kaya ta 1828, yanzu ƙananan jiragen masu kuɗi ne a ciki da wuraren shan shayi, akwai benci ko'ina. A nan akwai wani dogon gini mai agogo sunansa Ivory House, sito ne da ake tara hauren giwa a da. Baba ya daɗe a tsaye yana kallonsa, ya ce to ashe nan giwayen Afirka suka ƙare. Bai ƙara cewa komai ba sai da muka yi nisa.
Sai unguwar Wapping, titi ne siriri tsakanin tsofaffin sito da aka mayar gidaje. Akwai mashaya Town of Ramsgate, a gefenta wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa, ya kai ka matakalar da ta gangara cikin kogi. Can gaba kuma Prospect of Whitby, wadda suke cewa tun 1520 ake sha a wajen, da ana kiranta mashayar Shaiɗan saboda irin mutanen da ke taruwa, 'yan fasa ƙwauri da ɓarayin kaya. Gobara ta taɓa cinye ta, daɓen dutsen ƙasa ne ya rage na asali, sunan yanzu kuma na wani jirgin gawayi ne da yake yawan tsayawa a gefenta. Mu ta lungun gefe muka bi muka sauka bakin ruwa, daga nan kana ganin igiyar rataya da suka ɗaura a bayan ginin don tunawa da cewa a yankin nan ake rataye 'yan fashin teku, a bar gawa har ruwa ya cika ya rufe ta sau uku. Kyaftin Kidd a 1701 aka rataye shi a nan. Baba ya yi ta tambaya, ya ce shi abin da ya burge shi bai wuce yadda ba su rushe ba kuma ba su ɓoye munin tarihin ba, ya tuna min ƙofofin garinmu da ganuwa da ake ta yanka ana gini a kai. Har yau in an yi baƙi a gida labarin igiyar nan yake bayarwa, ba na kambun sarauta ba.
Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci, Thames ba kamar kogin Kaduna ba ne, teku ce ke turo shi, sau biyu a yini yake cika ya janye kuma bambancin yakan kai mita bakwai. Inda kika taka yashi yanzu, bayan awa biyu ya shanye kan mutum. Matakalar kuma gansakuka ce, santsi sosai. Hajiya ta tsaya daga sama.

'Yar Damagaram:
Sannunku. Ni daga Faransa na zo hutu wajen yayata. Abin da ya same ni shi ne kifi. Mun shiga wata tsohuwar mashaya a bakin ruwa da rana saboda ruwan sama ya kama mu da yara, na ce kifi da soyayyen dankali ai ba matsala, sai da na ci rabi yarinyar da ke kawo abinci ta ji muna bisimilla da yara ta zo da kanta ta ce min kwaɓin fulawar da aka soya kifin da giya aka dama shi. Na ji ba daɗi ƙwarai, yini na yi raina a jagule. To ko a ina ne ki tambaya, har romon da suke zubawa a kan nama wani da giya ake haɗawa. Abin da ya wanke min rai a tafiyar jirgin ruwa ne, daga Tower Pier zuwa Greenwich kamar minti ashirin, kana zaune kana ganin duk mashayun nan ta fuskar ruwa, har da Mayflower ta Rotherhithe mai dandamalin katako a kan kogi, kusa da inda jirgin Mayflower da ya kai wasu Turawan Ingila 'yan ƙaura Amurka ya tashi a 1620. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa ban ga abin da ya fi wannan ba, kuma jirgin ta ƙarƙashin gadar Baba yake bi.

Malamin Islamiyya:
Wannan na Bazazzagi da na jirgin ruwa ban ga laifinsu ba ko kaɗan, tafiya a bayan ƙasa don a ga yadda na baya suka ƙare ai abin so ne. Zaman ne na hana.

'Yar Gwale:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wlh kun sauke min nauyi. Na rubuta komai. Zan nemi otal mai lif tsakanin Tower Hill da Aldgate don masallaci ya yi kusa, ranar farko Hasumiya da gada, ta biyu jirgin ruwa, ta uku in bar Hajiya ta huta wajen ƙawata ni da Baba mu bi hanyar Wapping. Yaya Bazazzagi daga St Katharine zuwa wajen igiyar nan zai iya a ƙafa? shekararsa 71 amma yana da ƙarfi.

Bazazzagi:
Zai iya in sha Allah, kamar rabin awa ce in ana tafiya a hankali kuma ba hawa ba gangara. In ya gaji akwai tashar jirgin ƙasa ta Wapping a kan hanyar, jirgin ma ta ramin ƙarƙashin kogi yake bi wanda aka buɗe tun 1843, ki gaya masa wannan kafin ku shiga zai ji daɗi. Ki duba lokacin janyewar ruwa na ranar kafin ku fito, in ya cika ba za ku samu sauka ba.