Shekara bakwai a Chelsea ba wasa ko ɗaya: Omeruo ya ci riba ko ya faɗi?

Mai Gidan Kallo: Jama'a, ina nan kan bakana. Kenneth Omeruo, ɗan bayan Najeriya, ya ɓata ƙuruciyarsa a Chelsea. Sun ɗauko shi daga Standard Liège ta Beljiyam a Janairun 2012, ya bar su a 2019, bai taɓa sa rigarsu a wasan gasa ba. Kullum aro, kamar tabarmar makwabta.

Ɗan Fagge: Yaya, a ina ya zauna ba ya wasa? Ya buga a ADO Den Haag ta Holan, ya buga a Middlesbrough, ya je Kasimpasa da Alanyaspor a Turkiyya, sannan Leganés ta Sifaniya. Da ya nace sai Landan, benci zai ɗumama. Terry na nan, Ivanovic na nan, David Luiz na nan, Cahill ma a watan da aka sayi Omeruo ya zo daga Bolton. Yaro ɗan shekara 18 zai ture wa?

Mai Gidan Kallo: To me ya kai shi tun farko?

Kawu: Ku bari in sa baki, na daɗe ina kallon masu tsaron baya. Ɗan gaba zai iya zuwa aro ya zura ƙwallaye goma ya yi suna. Ɗan baya kuwa da abokin tsayuwarsa yake girma. Sai ka san lokacin da zai fita ya tare, ka san inda golanka yake son ka tsaya idan an bugo kwana, har ku riƙa fahimtar juna da ido. Wannan ba ya samuwa a kaka ɗaya. Omeruo kusan duk shekara sabon koci, sabon yare, sabon abokin tsayuwa. Abin da ya yi min ciwo ke nan, don na ga yaron a gasar kofin Afirka ta 2013. Kocin Najeriya Keshi ya ajiye Yobo, kyaftin guda, ya haɗa Omeruo da Oboabona, yana shekara 19, suka hana Burkina Faso cin ko ɗaya a wasan ƙarshe. Irin wannan yaro gida yake buƙata.

Ɗan Fagge: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma wannan aron ne ya sa bai yi tsatsa ba. Da shi ya je kofin duniya sau biyu, 2014 da 2018. Ka tuna ƙwallon da ya ci Gini da ka a kofin Afirka a Masar a 2019, kwanar Moses Simon? Da ita muka tsallake rukuni.

Malama daga Zinder: Ni Yobo nake dubawa. Ya shiga Everton a 2002 da aro, suka saye shi, ya zauna har 2010 kafin ya tafi Fenerbahçe. Duk wanda ya kalli Firimiya a lokacin ya san shi da shuɗiyar riga. Omeruo fa, wace ƙungiya za ta ce nata ne?

Ɗan Fagge: Leganés, Malama. Su suka saye shi a 2019, kuma da suka faɗa rukuni na biyu a 2020 bai gudu ba.

Kawu: Haka ne ɗana, kuma na yaba masa. Sai dai ya samu gidan yana shekara 25.