Wanda bai taɓa wuce Seme ba, me ya kai shi Dubai?

Alhaji Mai Goro, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar wani yaron kasuwarmu ya zo yana nuna mini hotunan da ya ɗauka a Dubai, ya tsaya gaban dogon bene ya ɗaga yatsu biyu. Na ce masa ka taɓa zuwa Kwatano? Ya ce a'a. Badagiri fa? Ya ce ai can hanyar 'yan shinkafa ce. Shekararsa tara a Legas. To ga maganata, mai musu ya musa: mutumin da yake zaune a garin nan, in hutu yake so da buɗe ido, hanyar bakin teku daga nan zuwa Gana ta fi masa Dubai nesa ba kusa ba. Ƙasa uku a jere, Benin da Togo da Gana, babu biza, kuma duk inda ka sauka akwai zangon da za a amsa maka sallama da Hausa.

Ɗan Canji, Obalende: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, amma wannan magana ban ɗauka ba. Hutu fa ka ce. Mutum ya shekara yana shan cunkoson Gadar Eko, sannan ya ɗauki hutunsa ya kai shi cunkoson boda? Me zan gani a Kwatano da babu a nan? Teku ce, muna da ita. Kasuwa ce, ga Balogun. 'Yan acaɓa ne, nasu dai sun sa riga ruwan ɗorawa, shi ke nan bambancin.

Direban Mile 2: Ɗan Canji ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Alhaji, hanyar nan ita nake ci da ita, ba zan ɓata ta ba, amma a faɗi gaskiya. Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai rabin Legas zuwa Kano ba. Sai dai iyaka uku ce a tsakani: Seme, Hilakonji, Aflawo. A takarda, tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan yankin nan yana da damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. A kan kwalta kuwa labari daban ne. Na taɓa ɗaukar wani bawan Allah da sabon fasfo fil, ko hatimi ɗaya babu a ciki, a wani shinge aka ce ai sabon fasfo kuɗinsa daban. Muka yi awa biyu a rana muna ba da haƙuri. Wanda kuma ya manta katin allurar shawara, to ya shirya aljihunsa.

Alhaji Mai Goro, Agege: Direba, awa biyu a rana. Wanda ya nemi bizar Dubai wata nawa yake jira, kuma nawa yake ba ɗan tsakiya?

Hajiya Mai Atamfa, Idi-Araba: Ku bar ni in shiga, don ni duk wata ina Lome. Ɗan Canji, ƙanena, ka ce teku muna da ita. Ina take? Tun da aka cike Bar Beach, ka nuna mini inda talaka zai kai 'ya'yansa bakin ruwa a Legas ba a tare shi da kuɗin ƙofa ba. A Lome titi ne ya bi bakin teku tun daga boda, ga itatuwan kwakwa, ga yashi, ka sauka daga mota ka cire takalmi ka taka abinka. Ranar Lahadi da yamma garin gaba ɗaya can yake. Ni da ba yawo ya kai ni ba, in na gama sari a babbar kasuwa nakan sayi kwakwa ɗanya in zauna in ga masunta suna jan koma, mutum ashirin a igiya ɗaya suna waƙa. Kuma agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ranar farko na tashi asuba ina ta mamakin ladan ya makara.

Ɗan Canji, Obalende: Hajiya, ke fa sari ya kai ki, kwakwar gyara ce aka yi miki. Maganata ke nan. Bahaushe fatauci yake zuwa, ba buɗe ido ba. Kuma da wane kuɗi? Ni nake canjin nan, na san yadda naira take komawa in ta haɗu da sefa. Da can mu ne manya a Kwatano, yanzu su ne suke shigowa su yi sayayya a wurinmu.

Hajiya Mai Atamfa, Idi-Araba: To da ta haɗu da dirhami ƙiba take yi?

Ɗaliba, Akoka: Baba Alhaji, ina bayanka, amma dalilina ba naka ba ne. Bara muka je Gana daga makaranta. Ganuwar Elmina, inda ake tsare bayi a da, Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Duk wannan na sani tun a aji. Abin da ban sani ba shi ne wari. A Cape Coast aka shigar da mu kurkukun maza, ƙarƙashin ƙasa, mai yi mana jagora ya kashe fitila ya ce mu yi shiru. 'Yar taga ce can sama kamar tafin hannu biyu. Ya ce mu dubi abin da muke takawa, ba dutse ba ne zalla, abin da ya fita daga jikin mutane ne ya daskare shekara da shekaru. Kuma daidai saman ɗakin nan cocinsu yake, suna ibada a sama ana mutuwa a ƙasa. Wata ƙawata da ta shiga tana ɗaukar bidiyo tana dariya, da muka fito ba ta ƙara magana ba har Akara. Yaya Ɗan Canji, wane bene ne a Dubai zai yi maka haka?

Ɗan Canji, Obalende: Ƙanwata, wato in biya kuɗi in je in yi kuka. Kuma wannan ai tarihin mutanen kurmi ne. In ma shi nake so, ga Badagiri nan, akwai sarƙoƙin, akwai benen 1845, a tsallaka da kai Gberefu, inda ake fitar da bayi a da, a kwalekwale ka dawo gida ka ci tuwon dare.

Ɗaliba, Akoka: Ka je Badagirin?

Ɗan Canji, Obalende: Ina da niyya.

Ɗaliba, Akoka: Allah ya cika niyya. Amma batun tarihin mutanen kurmi, a nan ka kauce. Hausawa da yawa ta bakin tekun nan aka fitar da su. A Bahiya ta ƙasar Brazil bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, kuma a tawayen Musulmi na 1835 an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kama. Kuma kada mu wanke kanmu, a kasuwar Salaga ta arewacin Gana, a da, ba goro kaɗai ake sayarwa ba.

Alhaji Mai Goro, Agege: 'Yata, kin faɗi gaskiya mai ɗaci, kuma kin kawo ni inda nake so. Kakana ɗan Gwanja ne, ba don can aka haife shi ba, don can ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan jaki. Daga Kano su ɗauki kanwa da baƙin rini da fata, su ratsa Borgu, wata da watanni, su sauka Salaga su ɗauko goro. Da yaƙin basasa ya watse garin a 1892 sai fatake suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Akara. Zangunan da kuke ji ke nan asalin da yawansu. Ni na je Salaga da ƙafata. Gari ne yanzu shiru, sai rijiyoyi birjik a bayan gari, an haƙa su cikin dutse. Na tsaya a bakin ɗaya na ce wataƙila tsohon nan ya shayar da jakinsa a nan. A Nima kuma, cikin Akara, na shiga layi da safe wata mata tana sayar da koko da ƙosai, da sunansu na Hausa, gefenta mai wake da shinkafa da suke kira wace, ga tuwon zafi da rana. Na yi mata magana ta ce "sannu da zuwa Alaji", Hausarta ta ɗan karkace, ba ta bambanta namiji da mace, amma Hausa ce. Ba ta taɓa ganin Kano ba, uwarta ma haka. Wannan shi nake cewa buɗe ido.

Malam, Alaba Rago: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Zango na yarda, ziyarar 'yan'uwa ce, akwai lada. Amma yaran nan in an ce musu Benin, Wida ake kai su, ɗakin mesa, a rataya wa mutum maciji a wuya a ɗauki hoto. A Lome kuma kasuwar bokaye ta Akodesewa, kawunan birai da busassun tsuntsaye. Kowace shekara a watan Janairu bikin bodu suke yi a Benin, hutu ne na ƙasa. Musulmi ya kwashi iyalinsa ya kai su kallon tsafi da sunan hutu? In tafiya za a yi a yi arewa. Hasumiyar Agadas ta ƙasa ce zalla, mita 27, tun ƙarni na 16. Ga masallacin Jenne, ga Tumbuktu da littattafanta, ga Madina Baye a Kaulaha.

Ɗan Damagaram, Apapa: Allah ya gafarta Malam, ka yi mini daɗi da ka ambaci ƙasarmu. Fadar Sarkin Damagaram ma abin gani ce, da unguwar Birni. Amma ba zan yaudari kowa ba. Tun harin da aka kai wajen raƙuman dawa a Kure cikin Agustan 2020, inda mutum takwas suka rasu, harkar baƙi ta yi sanyi. Tumbuktu kuwa ko ɗan Mali sai ya yi tunani biyu. Ga shi Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mu da muke zuwa gida muna zuwa, don gida ne. Wanda zai ɗauki yara don nishaɗi, ni dai ban ba shi shawara ba tukuna.

Hajiya Mai Atamfa, Idi-Araba: Malam, ai ba dole a shiga ɗakin mesa ba, ni ko a hoto ba na son ganinta. Porto Nobo tana nan kusa da boda, babban masallacinta in ka hango shi sai ka rantse coci ne, fenti kala-kala, ginin waɗanda suka dawo daga Brazil. Irin hannun da ya gina masallacin Shitta-Bey na nan cikin Ikko. Akara kuma ga sabon Masallacin Ƙasa a Kanda da aka buɗe a 2021, fasalin na Turkiyya. Salla ba za ta gagare ka ba, abincin halal ma haka.

Direban Mile 2: Wurin da ni ya ba ni mamaki Ganbiye ne, a Benin. Daga Kalabi ake shiga jirgin ruwa, gari guda a kan tafkin Nokuwe, gidaje kan turaku, kasuwa a cikin kwalekwale, yarinya 'yar shekara shida tana tuƙi ita kaɗai da tulun ruwa a gaba. An ce kakanninsu gudun mayaƙan Dahomey masu kamun bayi suka shiga ruwan.

Ɗan Canji, Obalende: Makokonmu ta nan Legas ke nan da fenti. Kullum ina hango ta daga kan gada kyauta.

Ɗaliba, Akoka: To ai ka kama kanka, yaya. Su sun mai da tasu wurin da baƙi suke biya su gani, akwai tikiti, akwai jagora. Mu tamu kullum maganar rushe ta ake. Haka gadar igiya: ta Lekki mita 401 ce, ta fi ta Kakum a Gana tsawo, amma a Kakum cikin kurmi na gaske kake, kana kallon kan itatuwa a ƙarƙashinka, ƙafata har rawa take. Benin ta karɓo kayan sarakunan Abome guda 26 daga Faransa a 2021, mutane suka yi ta layi don su gani. Ba abin gani muka rasa ba, Yankari da ruwan Wikki suna nan, dutsen Olumo awa biyu ne daga nan. Riƙo ne ya bambanta.

Ɗan Canji, Obalende: Wannan na yarda. Amma har yanzu ba ku ba ni amsa ba. Ni in na ce hutu, ina nufin wuta ba ta ɗaukewa, ba mai tare ni a hanya ya ce in buɗe jaka, in kwanta in tashi in ci abinci. Abin da Baba yake faɗa karatu ne da zumunci, yana da kyau, amma kada a ce ya fi. Kowa da abin da ya gaji da shi.

Alhaji Mai Goro, Agege: Ɗana, ban hana ka kwanciya ba. Cewa na yi wanda bai san maƙwabcinsa ba ya tsallake teku ya je gaida baƙo. ECOWAS ɗin nan a garin nan aka sa mata hannu a 1975, amma yaranmu sun fi sanin farashin zinare a Dubai da sunan kuɗin Gana.

Malam, Alaba Rago: Sidi ne, Alhaji, kada a ce malamai ma ba su sani ba. In za a tsallake Wida a sauka zangon Kumasi, a sa sunana.

Direban Mile 2: Motata mutum bakwai take ɗauka. Bayan Babbar Salla hanya takan yi sauƙi. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, katin allura, kuma a canza kuɗi tun daga nan. Mu kwana Kwatano, mu kwana Lome, kwana uku a Gana.

Hajiya Mai Atamfa, Idi-Araba: Canjin a wurin wa za a yi?

Ɗan Canji, Obalende: Ku zo Obalende, zan yi muku farashin gida. Kujerar gaba kuma a bar mini, amma iyakata Badagiri, can zan sauka in ga benen nan in dawo.