Malamin Bolonya da Littafin da Aka Shafa wa Guba

Mai Alƙalamin Kara:

Assalamu alaikum. Yau 19 ga Fabrairu, ranar da Umberto Eco ya rasu a 2016. Na buɗe da ƙafiyar "ra". Wanda ya so sauyawa, bismilla.

Da sunan Rabbana na ɗau alƙalami,
Ku matso, 'yan'uwa, ku zo ku saurara.

Umberto Eco ɗan Italiya nake nufi,
Malamin da ya san alama da ishara.

A Alesandiriya aka haife shi,
Ba ta Masar ba, ta Italiya, ku lura.

A 1932 ya zo duniya,
Biyar ga Janairu, farkon shekara.

Babansa akawu ya so shi da lauya,
Ɗan ya je Turin ya sake shawara.

Falsafa ya karanta, ya gama a 1954,
Kan malamin coci Toma Akwinas kundinsa ya tsara.

Jami'ar Bolonya ta ba shi kujera,
Ilimin alamomi ya koyar, ya gyara.

To ga abin da ya ɗaure mini kai:
Farfesa ne, suna da girma ya tara,

Sai da ya kai 48 a duniya
Ya shiga ƙagen labari. Wa zai fassara?

Malamar Adabi:

Malam, na karɓa. Da "ba" zan bi ka.

Malam, sannu da wannan buɗi,
Amsar tambayarka ba ta yi nisa ba.

Il nome della rosa, Sunan Wardi,
A 1980 ya fito, ban manta ba.

Ya mai da mu can 1327,
Gidan 'yan zuhudu kan tsauni, ba gari ba.

Kwana bakwai ana tsintar gawa,
Kowa na zargi, ba a ga makashi ba.

Wiliyam na Ingila da yaronsa Adso
Suka bi sawu, ba su huta ba.

Ashe wani tsoho makaho, Jorge,
Ke tsaron littafi, ya hana a duba.

Na Arisɗo ɗan Girka ne, kan ban dariya,
Ya bi shafukansa ya shafe da guba.

Ka lashi yatsa ka juya takarda,
Ajalinka ka lasa, ba ka sani ba.

Tsoron Jorge, in talaka ya yi dariya,
Ba zai ƙara jin tsoron kowa ba.

Ya tauna shafukan ya haɗiye,
Wuta ta ci ɗakin karatun, komai bai tsira ba.

Malam, abin da Eco ke koyarwa a aji ne,
Labari ya kai shi inda lacca ba ta kai ba.

Dattijon Bakin Kuka:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni fim ɗinsa na 1986 na gani, amma baitinki na lasar yatsa ya hana ni sakat.

'Yata, kin fama mini tsohon miki,
Ina karantawa na ji shi a jiki.

Kakanmu ya bar adakar littattafai,
Rubutun hannu, wasali ja, aikin kirki.

Kowanne cikin gafakarsa ta fata,
Ƙamshinsu kaɗai ya cika ɗaki.

Da ya rasu baffanmu ya riƙe makulli,
Ka ce a buɗe, ya ja maka tsaki.

Wai yara za su ɓata su da hannu,
Wai ba kowa ake bari ya leƙa ciki.

Ba mugunta ba ce, Allah ya jiƙan shi,
Ƙauna ce ta yi yawa ta ɓata aiki.

Ran da muka buɗe bayan ransa,
Muka tsaya cirko-cirko, muka riƙe baki.

Na sa hannu, jar ƙasa na ɗebo,
Fiƙihu da nahawu sun zama tsaki.

Jorge guba ya sa, mu makulli muka sa,
Gara ce kaɗai ta ci biki.

Ɗalibi Mai Kundi:

Baba, Allah ya ba da haƙuri.

Baba, labarinka ya taɓa zuciya,
Bari in kawo nawa guntun batu.

Ni ta kundin digiri na san Eco,
Lokacin da na rasa barci da hutu.

A 1977 ya yi wa ɗalibai littafi
Kan yadda ake bincike da rubutu.

Ya ce ka rage fagen da ka ɗauko,
Gona kaɗan ce ke nomuwa ta kyautu.

Kowane littafi ka yi masa kati,
Suna da shafi, don magana ta tabbatu.

Gidansa na Milan, littafi wajen dubu 30,
Kayan aiki ne, ba dole duka su karantu.

Sai dai, Malama, a 2015 a Turin
Ya yi wani zance, ya ƙi ya fahimtu:

Wai soshiyal midiya ta ba wawaye baki.
Mai ƙin makulli ke nan? Ƙara haske in wadatu.

Malamar Adabi:

Ƙanena, ka taɓo inda ke da zafi,
Amma sai mun ɗan waiwaya baya.

Yana ɗan shekara 10, a 1942,
Gasar insha'i a lardinsu ya zo na ɗaya.

Tambayar: shin a mutu don ɗaukakar Musolini, ɗan kama-karyar Italiya?
Yaro ya amsa da "e" ba wuya.

Shi da kansa ya tona wannan a 1995,
Bai binne shi ba don gudun kunya.

Ya jera alamu 14 na irin wannan mulki,
Don a gane shi ko da ya sauya kaya.

Ciki har da mai da saɓani cin amana,
Da tsoron baƙo, da ƙin tambaya.

Wanda ya tashi cikin taron amshi,
Dole ya tsorata da saurin yaɗuwar ƙarya.

Ni ma kalmar "wawaye" ta yi mini kaifi,
Ban bi shi a nan ba, in faɗi gaskiya.

Amma bai ce a sa wa intanet kwaɗo ba,
Cewa ya yi a koya wa yara rairaya.

Mai Alƙalamin Kara:

Na ji amsata har da gyara,
Malama, kin biya ni, Allah ya ƙara.

Ƙagaggun labarai bakwai ya bari,
Na ƙarshe kan jarida mai ƙage da tijara.

Yana da 84 ciwon daji ya ɗauke shi,
A fadar Sforza ta Milan aka tara.

Baba, ka yi haƙuri in sake fama miki:
Cikin adakar nan ba abin da ya yi saura?

Dattijon Bakin Kuka:

Akwai, ɗana.

Warƙa tara ta tsira a ƙasan adaka,
Na naɗe su a ƙyalle, suna nan ɗaki.

Gobe jikata za ta ɗauke su a waya,
Ni in karanta, ita ta bi ni da baki.